Ayar da Gwani Ya Tsallake

Ku yaran nan da kuke zuwa shagona koyon aiki, abu ɗaya ne yake ƙona mini rai da ku. Mutum ya ɗan kwana biyu yana jan hotuna yana jerawa a shafi, sai ya ɗaga kafaɗa wai shi ya iya intanet. Jiya ma da kunnena na ji ɗayanku yana ce wa abokinsa, "Ai dannawa ne kawai, ka danna ya buɗe." Dannawa! To wa ya buɗe maka? Daga ina? Da ka danna ɗin, wa ya yi magana da wa? Ku gyara zama, yau ba wanda zai taɓa kwamfuta sai na gama.

Ni a unguwar Mokola, nan Ibadan, na koyi aikin nan, wajen wani Bayarabe, Oga Kunle, lokacin da kafe, wato shagon shiga intanet, ke tashe, mutane suna layi don su samu kujera. Babana ɗan goro ne a nan Sabo, ya so in gaje shi, ni kuwa idona yana kan kwamfuta. Oga Kunle akwai zafin rai, amma wallahi ya san aiki. Na daɗe ina goge ƙura, ina ɗura wa janareta mai, ina matse kan kebul har yatsuna suka yi kanta. Ranar da ya ga dama zai koya mini, sai ya zare maus, ɗan abin dannawar nan, ya jefa a aljihu, ya buɗe mini wani baƙin allo, babu hoto babu launi. Ya ce, "Habu, yau kai ne burauza. Oya, je ka roƙo mini shafi."

A ranar na san abin da ke faruwa a bayan dannawar taku. Burauza ita ce manhajar da kuke buɗewa a waya ku shiga shafuka. Saba kuwa kwamfuta ce da ke zaune a wani wuri, ba a kashe ta, tana riƙe da shafukan. Na rubuta sunan shafin, Oga Kunle ya ce suna ba ya kai mutum ko'ina, sai lamba. Dole a fara tambayar wata na'ura mai riƙe da sunaye ta faɗi lambar, da lambar ake ƙwanƙwasa ƙofa. Saba ta amsa, aka gaisa, sannan na rubuta da hannuna: ba ni abu kaza. Na rubuta abin da babu, ta mayar mini da ɗari huɗu da huɗu, wato ba ni da wannan. Na sha ranƙwashi. Na sake, ta ce ɗari biyu, wato ga shi, sai rubutu ya zubo. A saman rubutun akwai wasu 'yan layuka da masu dannawa ba sa taɓa gani: wannan kaya iri kaza ne, nauyinsa kaza, kana iya ajiye shi a wurinka har lokaci kaza ba sai ka dawo ba. Tana gama faɗa ta rufe ƙofarta. Oga Kunle ya ce, "Ka gani ko? Ba ta san ka ba, ba za ta tuna da kai ba, kuma ba za ta taɓa kiran ka ba. Kai ne mai zuwa wurinta."

Da na gama koyo Oga ya ba ni 'yanci, na buɗe nawa kafen a nan, a wannan shagon da kuke zaune. Na ga masu ciniki iri-iri. Akwai wani Alhaji mai albasa daga Kasuwar Shasha da yake zuwa in aika masa hotunan kaya, idan abin ya yi jinkiri sai ya ce in ƙara wa janareta wuta. Ranar da sakamakon jarrabawa ya fito kuwa, ɗaliban ƙasar nan kaf suke afka wa saba ɗaya, ta shaƙe, ta riƙa cewa ɗari biyar da uku, wato na gaji, ku dawo an jima. Ni za a zagaye ana zagi, wai na ɓoye wa yara sakamako. Ka yi bayani da Hausa, ka yi da Yarabanci, ka yi da burokin Turanci, a banza.

Sai muguwar shekara ta zo. Wayoyi masu intanet suka cika gari, kowa kafensa yana aljihunsa, sai in wuni ba wanda ya leƙo. Kamar hakan bai isa ba, da damina tsawa ta sauka a kan faifan intanet da ke saman rufi, ta biyo kebul ta ƙone mini kwamfutoci, guda ɗaya tal ta tsira. Abokan sana'ata wasu suka koma cajin waya, wasu suka hau okada. Babana ya ce rumfar goro tana nan. Na ce masa a'a. Na ce idan mutane sun daina zuwa wurina su roƙi shafi, ni zan koma ɓangaren da ake roƙa. Na kama hayar wata 'yar kusurwa a cikin wata saba a ƙasar waje, mafi araha da na samu, na fara gina wa mutane shafuka.

Aikin da ya tsayar da ni da ƙafata shi ne na Gwani Isa. Dattijo ne mai koyar da Alƙur'ani a zaurensa, a bayan masallacin unguwarmu, tun kafin a haife ni yake kan buzun nan. Ɗansa Muntaƙa ne ya zo ya same ni. Ya ce akwai matan aure da yawa da suke son hadda, ba su da halin fitowa kullum, ko za a riƙa naɗar muryar Gwani a saka inda za su ji daga ɗakunansu. Muka fara. Duk mako ina zuwa da 'yar na'urata, Gwani ya karanta a hankali, aya bayan aya, yana barin sarari don mai sauraro ta maimaita. Muntaƙa yana gefe da Alƙur'ani a buɗe yana bi. Ni dai abin da na haddace bai wuce na sallah ba, nawa naɗa da ɗorawa.

Nan na gamu da abin da ba a koya mini a Mokola ba. Mutanenmu ba sa shiga shafi a warwatse. Ana idar da sallar asuba kowa zai danna a tare, ana idar da la'asar a sake. 'Yar sabata ta riƙa shaƙewa. Ga shi kuma mai hadda ba sau ɗaya take ji ba, sai ta maimaita karatu ɗaya har ya zauna, kowane maimaici data tana ƙonewa, mazaje suka fara ƙorafi. Sai na yi abin da duk wanda ya san aiki zai yi. A 'yan layukan nan na saman amsa, na sa saba ta riƙa ce wa kowace burauza: wannan karatun ki ajiye shi a wurinki shekara guda, ba sai kin dawo kin tambaye ni ba. Abin ya yi kyau ƙwarai. Sau ɗaya waya za ta ɗauko, daga nan daga cikinta take karantowa. 'Ya'ya suka riƙa saka wa iyayensu adireshin kowane karatu a fuskar waya, uwa ta danna kawai ta ji Gwani. Matan fatake suka yaɗa shi, ya bi goro da shanu ya tafi Legas, ya tafi Arewa, ya haura har Gana da Nijar.

Wata rana da hantsi ina zauren Gwani ina haɗa kayan naɗa, sai Hajiya Laraba ta zo ba da hadda. Tsohuwa ce mai sayar da waina a bakin titinmu, da furfurarta ta fara hadda, kuma ba ta wasa. Ta zauna daga bakin ƙofa ta fara karanta wata doguwar sura. Tana cikin tafiya Gwani ya ɗaga hannu.

"Koma baya, Hajiya."

Ta koma, ta sake zuwa wurin, ta wuce yadda ta wuce da farko.

"Kin bar aya."

"Allah gafarta Malam, ban bari ba."

"Na ce kin bar aya."

Ta ce, "To ni dai haka na ji daga bakinka."

Ta kwance bakin zaninta ta ciro wayarta ta miƙo mini, na danna. Muka ji muryar Gwani tana tafiya tiryan-tiryan, sai tari ya sarƙe shi, aka ɗan tsaya, ya dawo ya ɗora. Amma bai ɗora daga inda ya tsaya ba, aya guda ta faɗi a tsakani. Ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un."

Muntaƙa ya ce, "Baba, ni ne. Ranar na tashi ɗebo maka ruwa, ban duba inda ka ɗora ba."

Gwani ya ce, "Bakin wa aka ji? Habu, kunna na'urarka."

Nan take ya sake karatun, Muntaƙa yana bi da yatsa. Na ɗora sabon a kan saba a madadin tsohon, a adireshi ɗaya. Amma na riga na san abin da zai biyo baya. Na ce Hajiya ta sake dannawa. Ta danna, sai ga tarin nan, sai ga ayar ta sake faɗuwa.

Gwani ya dube ni. "Ba ka ce ka canza ba?"

Na ce, "Na canza a can, Allah gafarta Malam. Amma wayarta ba ta je can ba. An ce mata ta ajiye shekara guda, ta ajiye, daga cikinta take karantowa."

"To ka ce wa sabar taka ta aika musu su zo."

"Ba ta aikawa. Sai an zo an tambaye ta take magana."

"Su nawa ne suke riƙe da wannan?"

"Ban sani ba. Wadda take riƙe da shi ba ta tambaya, wadda ba ta tambaya kuma ba na ganin ta."

Sannan ya ce, "Wato yanzu haka akwai mata a garuruwan da ban taɓa zuwa ba, suna tsayawa sallah da littafin Allah babu aya guda, kuma da muryata suka koya." Na ce haka ne. Ya ce, "Habu, na tsufa, kana jin tarin nan. Ba zan je kabari da wannan ba."

Tsoro ya kama ni, ban ɓoye muku ba. Amma na ce masa in sha Allahu sai mun bi su.

Na fara da abin da ke hannuna. A babban shafi na sauya wa karatun suna, duk wadda ta biyo ta ƙofar gaba sabon za ta samu. Sai dai yawancinsu ba ta nan suke bi ba, adireshin da 'ya'yansu suka liƙa musu suke dannawa. Aka yi sanarwa a masallaci, amma maza ne a masallaci, wani kafin ya kai gida ya manta. Sai muka shiga bi gida-gida a cikin Sabo. Ni ba na shiga, kun san gidajenmu. Na koya wa matata yadda ake share ajiyar burauza, ita ta shiga, ni in tsaya a zaure, idan waya ta gagare ta a miƙo mini ta bayan labule. Wata ta ce ba za a taɓa mata waya ba sai mijinta ya dawo daga kasuwar Akinyele, mu koma washegari. Wata ta riga ta sauke karatun gaba ɗaya cikin wayar, ta tura wa 'yar'uwarta. Muka yi ta yi har takalmina ya ɓule. Amma Sabo kaɗai ce ƙafarmu take kaiwa.

Gwani ne da kansa ya gano hanya, mutumin da bai taɓa riƙe maus ba. Na je naɗar karatun mako, ya ce, "Ka ce sai an tambaya take amsawa. To me suke tambaya har yanzu?"

Na ce, "Sabon karatu. Duk mako dole wayarsu ta zo ta ɗauka, don ba ta da shi."

Ya ce, "A nan zan tare su. Kunna."

Ya gyara murya ya faɗi sunansa da na mahaifinsa. Ya ce a sura kaza, a wuri kaza, ya tsallake aya, kuskuren nasa ne ba na kowa ba. Ya karanta ayar, ya maimaita. Ya ce duk wadda ta haddace daga bakinsa ta koma ta gyara, ta faɗa wa wadda ta sani, kuma don Allah ta yafe masa. Da ya gama ya ce in saka wannan a farkon kowane sabon karatu, da farkon wanda aka gyara.

Muntaƙa ya ce, "Haba Baba! Kowane? A saka sau ɗaya mana. Duk garin nan Gwani ake ce maka, ka san akwai masu jiran irin wannan su samu na faɗa."

Gwani ya ce, "Sau ɗaya na wadda ta ji ranar ne. Wadda ta yi baƙi ranar fa?"

Aka kuwa samu na faɗa. Har a shagon nan wani ya zauna yana dariya wai gwanin da ke ba da haƙuri duk mako. Na kashe masa kwamfuta na nuna masa ƙofa. Amma saƙon ya isa inda ƙafarmu ba ta isa ba. Fatake suka riƙa dawowa suna cewa iyalinsu sun ji sun gyara.

Duk da haka Gwani bai huta ba. Wata rana, jikin ya riga ya yi nauyi, a kishingiɗe yake karatu, ya ce, "Wadda ta tsaya a wannan surar fa, ba ta ci gaba ba? Ta haihu, ko ta kwanta ciwo, ba ta neman sabon karatu?"

Na ce, "Ita sai shekarar ta cika. Ranar da ta danna bayan nan, wayarta za ta dawo tsohon adireshi ta ce, abin da nake riƙe da shi yana nan yadda yake? Da ba a canza ba, saba za ta ce mata ɗari uku da huɗu, ci gaba da naki. Yanzu kuwa za ta miƙa mata sabon."

"Zan kai lokacin?"

Bai jira amsata ba. Ya ce, "To ka yi mini alkawari, ranar da ta zo kada ta tarar da ƙofa a rufe." Na ce na yi.

Bai kai ba. Allah ya karɓi abinsa kafin shekarar ta zagayo.

Muntaƙa ya hau buzun mahaifinsa. Ba da jimawa ba wasu samari irinku suka kawo masa sabon shafi mai ƙyalƙyali, da sabon suna, suka kwashe karatun duka suka mayar can, suka yanke ban-haƙurin daga farkonsu. Suka ce tsohon suna a bar shi ya mutu, ai ba mai shiga. Muntaƙa ya ce mini, "Habu, Baba ya tafi. A bar mutane su tuna da shi da karatunsa, ba da kuskurensa ba." Na ce masa sabon shafi nasa ne, ya yi yadda ya so, amma tsohon suna ba zai mutu ina raye ba. Muka yi sama-sama, har ya daina amsa gaisuwata da kyau. Ni dai na ci gaba da sabunta sunan, na bar karatun nan guda a tsohon adireshinsa, da muryar Gwani tana roƙon gafara a kansa. Da shekarar ta cika sai na fara ganin su suna zuwa jefi-jefi, yau ɗaya, jibi ɗaya, daga wurare masu nisa. Ban san ko su wane ne ba, saba lamba kawai take gani.

An daɗe bayan haka, wata rana da la'asar sakaliya, wata motar goro ta sauke wata mata a bakin shagona. Daga Kumasi take, ta biyo mijinta. Ta ce an ce mata ni ne mai sa karatun Gwani, in raka ta wurinsa. Ban faɗa mata ya rasu ba, na dai sa takalmi na yi gaba. Muka tarar da Muntaƙa a zaure da ɗalibai. Ta durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe shi, ta ce ina Gwani.

Muntaƙa ya ce, "Lafiya?"

Ta ce ciwo ne ya kwantar da ita tsawon lokaci, ta ajiye hadda a daidai wannan surar, da ita take sallah ko a kwance. Da ta warke ta danna don ta yi tilawa, maimakon karatun da ta saba sai ta ji dattijon yana kiran sunan kansa yana cewa a yafe masa. Ta ce ta yi kuka ranar. "Shi ne na ce in dai na taka Ibadan sai na zo na faɗa masa da bakina na gyara, kuma na yafe. A yi mini iso."

Ta dubi buzun, ta dubi wanda ke kansa, sai ta gane. Ta rufe baki da mayafi.

Muntaƙa ya ce a hankali, "Karanta, Hajiya."

Ta share ido ta fara. Ta doso wurin. Ta kawo ayar cif, ta karanta ta har ƙarshe, ta ɗora ta gaba, sannan ta dakata tana jiran hukuncin malami. Muntaƙa ya sa hannun riga ya rufe fuskarsa a gaban ɗalibansa, kafaɗunsa suna girgiza. Da ƙyar ya ce, "Daidai ne. Ci gaba."